Ƙyalli a Ka: Daga Rawani Ɗan Kura Zuwa Hula Mai Batir

Birnin Lalle da ke kusa da Dakoro ƙaramin gari ne a yau, amma sunansa na da nauyi a bakin Gobirawa. Nan suka yi babban birninsu bayan sun baro Azbin, tun kafin Alkalawa, balle Tsibiri da aka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ƙasa ce da noma ya yi iyaka da kiwo, inda Bahaushe da Bafillace da Buzu ke cin kasuwa ɗaya. Wanda ya tsaya a irin wannan kasuwa ya dubi kawunan mutane zai gane cewa son abu mai walƙiya a ka ya riga batir zuwa da ɗaruruwan shekaru.

Buzaye ne suka fi kowa kashe dukiya a kan wannan. Rawanin da suke ji da shi, ɗan Kura, a garin Kura kusa da Kano ake rina shi. Idan ya fito daga marina sai mabuga su barbaɗa masa garin shuni, su shimfiɗa shi a kan gungume su yi ta bugu har ya ɗauki sheƙi. Shunin yakan bar shaida a goshi da kumatun mai shi, kuma ba wanda ke ɗaukar haka aibi, ado ne. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar da rinannun tufafin ƙasar na kaiwa har Gat da Tarabulus da Tambutu.

Talaka kuwa malfa ce tasa. Da kabar goruba ake saƙa ta, wadda yawanta ya sa aka raɗa wa Gulbin Kaba suna, sannan baduku ya bi ta da jar fata. Bororo na wajen Barmo kan ƙara wa kansu gashin jimina da wuri da tsakiya idan za su shiga rawar Gerewol a ƙarshen damina. Barade na da kwalkwali mai ƙarfe a hawan Salla, attajirai na da jar dara da ake kawowa daga Tunis.

Sai dai duk wannan ƙyalli aro ne daga rana. Da magariba ta yi, ya tafi.

A Turai kuwa an ɗora wa kai haske na kansa. A 1882, a gidan wasan Savoy da ke Landan, 'yan matan da suka fito a wasan Iolanthe sun sa ƙananan fitilun lantarki a gashinsu, batir na ɓoye cikin tufafinsu. A wancan lokacin kuma Gustave Trouvé na Paris yana ƙera wa masu rawa kayan ado na ka masu haske. A Suwidin, ranar 13 ga Disamba, yarinyar da ke jan gaba a bikin Lusiya kan ɗauki kambi mai kyandirori, kuma tsoron ƙuna ya sa yanzu na yara mai batir ne.

Ƙwayayen lantarki na farko na da zafi, ga shan batir. Abin ya sauya ne da ɗan ƙwan da ake kira LED. Nick Holonyak ya samar da mai jan haske a Amurka a 1962, sannan a farkon shekarun 1990 Akasaki da Amano da Nakamura na Japan suka samo mai shuɗi, wanda daga gare shi aka yi farin, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Farin nan shi ne ke cikin tocilar Sin da ta kori fitilar kananzir daga ƙauyukan Nijar.

A nan, ta hanyar neman abinci haske ya fara hawa kan mutane. Mai shayi da mai tsire da makiyayi da masu haƙar zinariya da suka kwarara Jado tun 2014, duk tocilar goshi suke ɗaurawa don hannuwa su samu sakewa. Ado ya biyo baya ta hannun yara: takalman Salla masu ƙyaftawa, tabarau masu wuta, da jar hular Kirsimeti da ake gani a manyan birane cikin Disamba. Kusan dukansu shigo da su ake yi, su yi kwana kaɗan su mutu. Wannan abin takaici ne a ƙasar da mata da maza ke ɗinka kube da allura, rami bayan rami, makonni a kan hula ɗaya.

Aikin kansa bai fi ƙarfin irin wannan hannu ba. Tun 2007, da Leah Buechley ta fito da LilyPad a Amurka, ake sayar da kayan lantarki da allura ke ɗinkawa. Akwai zare mai ɗaukar wuta. Ƙwan na da ƙafa biyu, doguwa da gajera: a bi dogayen da layin ɗinki ɗaya, gajerun da wani, a kai su ga batir mai bolt 3 wanda faɗinsa bai wuce tsabar dala ba. Sharaɗin kawai kada layukan biyu su taɓa juna, in sun taɓa wuta ta mutu, batir ya ƙare.

Inda gizo ke saƙar shi ne wankin hula. Kube da zanna sai an jiƙa su, an goge da buroshi, an sa sitaci, an kifa a kan katako sun bushe, kuma batir ba ya shiri da ruwa. Ga shi hular Idi ta zuwa masallaci ce, ba dattijon da zai yarda ya ga tana ƙyafta wuta a sahu. Sannan ɗan batir ɗin haɗari ne babba: yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa maƙoshi cikin 'yan awowi, don haka dole a rufe shi inda yatsun yaro ba za su ciro ba.

Malfa ta fi dacewa da wannan aiki. Ba a wanke ta, saƙarta na da ramukan da ƙwai zai leƙo, tsininta na da sarari a ciki. Dukawan da suka saba ɗinke laya cikin fata su liƙa wa malfa ko rawani za su iya yi wa batir gida mai maɓalli, a buɗe a sauya shi idan ya ƙare.