Tsibirai Talatin, Baƙo Ɗaya: Tarihin Ƙungiyar Masu Otal ta Karibiyan

A shekarar 1890 gwamnatin Turawan mulkin mallaka ta Jamaika ta tsinci kanta cikin tsaka mai wuya. Ta gayyaci duniya zuwa wani gagarumin baje koli da za a yi a Kingston a 1891, alhali garin ba shi da isassun wuraren saukar baƙi. Sai ta kafa doka cewa duk wanda ya gina otal kafin bikin, gwamnati ta tsaya masa a kan jarinsa. Aka gina otal-otal, aka yi biki, baƙi suka watse, wasu daga cikin gine-ginen suka kasa riƙe kansu har suka dawo wuyan gwamnati. Tun daga wannan lokaci harkar otal a tsibiran Karibiyan ba ta taɓa rabuwa da gwamnati ba, ko ana ɗasawa ko ana zaman doya da manja.

Baƙin farko da suka zama na kullum ayaba ce ta kawo su. Jiragen ruwan Lorenzo Dow Baker, wanda kasuwancinsa ya zama tushen kamfanin United Fruit, suna lodin ayaba daga Port Antonio zuwa Boston, a dawowa kuma su ɗauko Amurkawa masu gudun sanyi, a sauke su a otal ɗin Titchfield na kamfanin. Amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu sana'ar ta kankama. A Puerto Rico gwamnati ce da kanta ta zuba kuɗi ta gina Caribe Hilton a San Juan, ta damƙa wa Conrad Hilton ya tafiyar. An buɗe shi a 1949, kuma shi ne otal na farko da Hilton ya riƙe a wajen babban yankin Amurka. Bahamas ta yi dokar sauƙaƙa haraji ga masu gina otal a 1954, Jamaika ta kafa hukumar yawon buɗe ido a 1955. Sannan abubuwa biyu suka zo kusan tare: jiragen sama masu injin jet da suka rage tsawon tafiya daga New York, da juyin juya halin Fidel Castro na 1959 da ya rufe wa Amurkawa ƙofar Habana. Baƙin da Kyuba ta rasa suka bazu a sauran tsibirai.

A wannan shekarar ta 1959 ne masu otal suka samu ɗan kwamiti a cikin ƙungiyar yawon buɗe ido ta yankin, wadda gwamnatoci da 'yan kasuwa suka haɗu a cikinta tun 1951. A 1962 kwamitin ya ɓalle ya tsaya da ƙafarsa a matsayin Ƙungiyar Otal-otal ta Karibiyan, wadda aka fi sani da CHA. Shekarar tana da abin lura. A cikinta Tarayyar West Indies, wadda Birtaniya ta so ta ɗinke tsibiranta a ciki, ta wargaje bayan shekara huɗu kacal. Jamaika da Trinidad kowace ta karɓi tutarta a watan Agusta. 'Yan siyasa na raba gari, masu otal na haɗa kai, kuma nasu haɗin ya tsallake shingen harshe, domin daga baya ya tattaro masu Turanci da Sifaniyanci da Faransanci da yaren Holan.

Dalilinsu a fili yake. Mai otal mai ɗaki 30 a Grenada ba shi da kuɗin talla a jaridun Landan ko Toronto, ba shi da bakin da manyan dillalan tafiye-tafiye za su saurara. Tsarin da aka yi shi ne na ƙungiyar ƙungiyoyi: kowane tsibiri da tasa ƙungiyar masu otal, irin ta Barbados da ta Bahamas da aka kafa a 1952, ko ta Jamaika ta 1961, su kuma su haɗu a uwar ƙungiya mai ofis a San Juan. Yau ƙungiyoyin ƙasa da ke ƙarƙashinta sun haura 30. Babban abin da ta ƙirƙiro, a shekarun da John Bell ya daɗe yana riƙe da ofishin, shi ne kasuwar shekara-shekara inda ake zaunar da masu otal da dillalan Turai da Amurka a kan teburi, kowa da ɗan lokacinsa, a yi cinikin ɗakunan kakar baɗi. Ƙaramin mai otal da ba zai iya zagaya birane goma ba yana ganin dillalai da dama cikin kwana biyu. A ganin mai wannan rubutu, wannan kasuwa ta fi duk wata takardar ƙudiri da ƙungiyar ta taɓa fitarwa amfani ga talakan mambobinta.

Ta ɓangaren gwamnati kuwa, an haɗe hukumomi biyu a 1989 aka samar da Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Karibiyan, CTO, mai hedikwata a Barbados, inda ministoci ke zama. Daga nan aka samu murya biyu, ta gwamnati da ta 'yan kasuwa, kuma sauran tarihin labari ne na yaushe suka yi magana tare, yaushe suka saɓa.

Inda suka fi shan kashi shi ne batun manyan jiragen ruwa na shaƙatawa. Ƙorafin mai otal a nan yana da tushe. Shi ya gina a ƙasa, yana biyan harajin ɗaki, da kuɗin fito a kan kayan da ya shigo da su, da kuɗin lantarki mai tsada, da albashin 'yan ƙasa. Jirgin kuwa otal ne mai yawo a kan ruwa, galibi da rajistar wata ƙasa daban. Ya tsaya da hantsi, fasinjoji su sauka su sayi 'yar tsaraba, kafin magariba sun koma sun ci abincin dare a ciki. A Jamaika, lokacin da aka fara karɓar kuɗin asusun inganta yawon buɗe ido a 2005, dala 10 aka sa wa wanda ya sauka ta jirgin sama, dala 2 ga na jirgin ruwa. An sha yunƙurin sa haraji bai ɗaya a duk yankin, har da shawarar dala 20 a kan kowane fasinja a 2003, amma abin bai yi ƙarko ba. Kamfanonin jiragen sun san lagon: idan tsibiri ɗaya ya ɗaga farashi, na kusa da shi yana jira da hannu biyu. Grenada ta ɗanɗana wannan a 1999, lokacin da ta dage kan karɓar dala ɗaya da rabi na kwashe shara a kan kowane fasinja, kamfanin Carnival ya janye jiragensa daga tashar St. George's. Tsibiran tamkar masu tumatir ne a layi ɗaya a kasuwa, da zarar ɗaya ya karya farashi sauran ba su da ta cewa. Laifin nan na gwamnatoci ne fiye da na masu otal, domin su ke da ikon sa hannu, su ne kuma suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Tallan haɗin gwiwa ma haka ya riƙa tashi yana faɗuwa. An yi na talabijin a Amurka a farkon shekarun 1990, an sake yin wani bayan harin 11 ga Satumba 2001 da ya tsorata matafiya. Duk lokacin da ɗakuna suka cika, sai karo-karon ya tsaya, kowane minista ya koma tallan tsibirinsa.

Sabunta ƙungiyar ya zo ne daga fahimtar cewa otal shi kaɗai ba ya sayar da tsibiri. Baƙo yana buƙatar direban tasi, da mai kwale-kwale, da gidan abinci, da jami'in shige da fice mai sakin fuska. A 2008 aka ƙara kalmar yawon buɗe ido a sunan, ta zama CHTA, aka faɗaɗa ƙofa ga masu wuraren shaƙatawa da sufuri da sauran masu cin abinci a sana'ar. Ofis ya koma Miami, inda kamfanonin jirage da dillalai suke. Ƙungiyar ta haɗa hannu da CTO suka kafa kamfanin talla da suka mallaka rabi da rabi. Shugabanci ma ya canza fuska: Berthia Parle ta St. Lucia ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar a 2004, daga baya Karolin Troubetzkoy da Patricia Affonso-Dass da Nicola Madden-Greig suka hau kujerar. A sana'ar da mata suka fi yawa a gyaran ɗaki da kicin da teburin karɓar baƙi, wannan ya ma yi latti.

Gwajin farko na sabon tsarin daga Landan ya fito. A Nuwamban 2009 Birtaniya ta raba harajin fasinjan jirgin sama gida huɗu, gwargwadon nisan babban birnin ƙasa daga Landan. Da yake Washington ba ta kai mil 4,000 ba, duk Amurka ta faɗa rukuni mai sauƙi, har da Hawaii da ke can tsakiyar tekun Pasifik, su kuwa tsibiran Karibiyan suka faɗa rukunin da ke sama da shi. Daga Nuwamban 2010 mai ƙaramin tikiti zuwa Barbados yana biyan fam 75, mai zuwa Honolulu, da ta fi nisa nesa ba kusa ba, fam 60. Iyali mai mutum huɗu fam 300 ke nan kafin a yi zancen kuɗin tikiti. A nan ministoci da masu otal suka yi magana da baki ɗaya, suka kuma samu abokan tafiya da babu irinsu: 'yan asalin Karibiyan mazauna Ingila, masu zuwa gida biki da jana'iza, waɗanda ke da ƙuri'a a mazaɓun Landan da Birmingham. An shafe shekaru ana kai gwauro ana kai mari, har a kasafin kuɗin Maris 2014 ministan kuɗin Birtaniya George Osborne ya sanar da soke rukunai biyu na sama, daga Afrilun 2015.

Masifu ma sun haɗa kan da ciniki ya kasa haɗawa. A Satumban 2017 guguwar Irma da Maria suka ragargaza Barbuda da St. Maarten da Dominica da Puerto Rico cikin mako biyu. Bayan tara gudummawa ga ma'aikatan da suka rasa aiki, sai da ƙungiyar ta yi aikin wayar da kan matafiya cewa yawancin tsibirai lafiya lau suke, domin Ba'amurke da ya ga hoton rufin da ya yaye yakan soke tafiyarsa zuwa Aruba, wadda iskar ba ta ko kusanta ba. Da korona ta zo, baƙi masu kwana suka faɗo daga sama da miliyan 31 a 2019 zuwa kimanin miliyan 11 a 2020. CHTA da CTO suka zauna da hukumar lafiya ta yankin, CARPHA, suka tsara ƙa'idojin tsafta tare, aka horar da dubban ma'aikata ta intanet. Kasuwar shekara ma ta intanet aka ci ta a 2021, kafin a dawo ido da ido a San Juan a 2022 don zama na 40.

Abin da ya rage a kan teburi yanzu shi ne zirga-zirga tsakanin tsibiran kansu. Haraji da kuɗin filin jirgi da gwamnatoci ke ɗorawa a kan tikiti sun sa ɗan Antigua kan ga tafiya Miami ta fi masa sauƙi a kan ziyartar maƙwabcinsa, kuma ƙananan otal-otal, waɗanda baƙin cikin gida ke rufa wa asiri idan Turawa suka koma, su suka fi jin jiki. CHTA ta daɗe tana roƙon a rage waɗannan kuɗaɗe. Ministocin kuɗi kuma suna duban bashin filayen jirgin da suka gina. Kamfanin LIAT, mallakar wasu gwamnatocin yankin, wanda ya yi shekaru da dama yana haɗa ƙananan tsibirai, ya durƙushe a 2020 ya kuma daina tashi gaba ɗaya a Janairun 2024. Wanda ya gaje shi, LIAT 2020, ya fara jigila daga Antigua a watan Agustan 2024, kuma kaso mafi tsoka na hannun jarinsa yana hannun masu kamfanin Air Peace na Najeriya, gwamnatin Antigua da Barbuda na riƙe da sauran.