Ƙarfin da ke ɗaure ƙwayar zarra: daga tukunyar Zariya zuwa cikin rana

Da yawanmu in muka ji an ce nukiliya, bam ne ke fara faɗo mana a rai. Kaɗan ne suka san cewa a Zariya akwai tukunyar nukiliya da ke aiki tun 2004, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sunanta NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin ce, ƙarfinta kuma bai wuce kusan kilowat 30 ba. Kafin mu gane yadda take aiki, sai mun leƙa cikin ƙwayar zarra.

Ƙarfin ɗauri

Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, inda furoton da nutiron suke cunkushe. Furoton cajinsu iri ɗaya ne, don haka suna ture juna, amma akwai wani ƙarfi mai tsanani da ke riƙe su muddin suna dab da juna. In aka auna cibiya, nauyinta ba ya kai jimillar nauyin furoton da nutiron ɗinta idan aka auna su ɗai-ɗai. Wannan giɓin makamashi ya zama ya fita a lokacin da suka haɗu, kamar yadda lissafin Albert Einstein na 1905 ya nuna cewa nauyi kan rikiɗe ya zama makamashi. Shi ake kira ƙarfin ɗauri.

Ɗaurin ya fi tsauri a sinadarai masu matsakaicin nauyi, irin baƙin ƙarfe da nikel. A manyan cibiyoyi irin ta yuraniyom, da kuma ƙanana ƙwarai, ya fi sako-sako. Saboda haka duk canjin da ya matsar da cibiya zuwa wajen baƙin ƙarfe zai saki makamashi, ko babba ce ta tsage, ko ƙanana ne suka haɗe.

Tsagewa

Otto Hahn da Fritz Strassmann ne suka gano tsagewa a Berlin a Disambar 1938, Lise Meitner da Otto Frisch kuma suka yi bayaninta. Nutiron guda kan bugi cibiyar yuraniyom-235 ta rabe biyu, zafi ya fito tare da nutiron biyu ko uku, su ma su bugi wasu. In aka bar abin ya ci gaba ba linzami, shi ne abin da ya faɗa wa Hiroshima ran 6 ga Agusta 1945. A tukunyar Zariya kuwa, sandar kadmiyam ce ke shanye rarar nutiron, ruwa kuma yana rage gudunsu yana ɗauke zafi. Ba ta samar da wutar lantarki. Ana saka mata samfurin ƙasa ko dutse ko abinci don a san sinadaran da ke ciki.

Yuraniyom da ake haƙowa, irin na Arlit a Nijar, kashi 0.7 cikin 100 ne kawai nasa ke zama 235, shi ya sa ake tace shi. Man farko na tukunyar Zariya tataccen kusan kashi 90 ne, matakin da ake yin makami da shi. A 2018 aka musanya shi da na kashi 13, aka mayar da tsohon ƙasar Sin.

Haɗewa

A tsakiyar rana zafi ya kai digiri miliyan 15. A can cibiyoyin haidurojin ke haɗewa su zama hiliyam, kuma a kowace daƙiƙa kusan tan miliyan 4 na nauyi ke komawa makamashi. Daga nan hasken da ke nunar da geronmu yake fitowa, haka ma wutar da faifan sola ke ba mu. Ɗan Adam ya yi bam da haɗewa tun 1952, amma har yau babu tashar da ke ba gari wuta ta wannan hanya. Ana kan gina babbar na'urar gwaji mai suna ITER a kudancin Faransa.

Don haka in muka ji labarin taƙaddama kan tace yuraniyom a wata ƙasa, mu fara tambayar kashi nawa ne. Yawancin tashoshin lantarki kashi 3 zuwa 5 ya ishe su.