Yawan Jama'a da Makomar Ƙasar Noma: Abin da Gonakin Maraɗi da Damagaram Suka Nuna

Tsakure

Maƙalar tana ƙalubalantar ra'ayin da ke cewa yawan jama'a shi ke cinye ƙasar noma a yankin Sahel. Ta dogara da abin da ya faru a kudancin Nijar tun daga shekarun 1980, inda itatuwa suka ƙaru a daidai wuraren da mutane suka fi cunkushewa. Matsayarta ita ce, ikon manomi a kan itacen da ke gonarsa ya fi adadin mutanen gari tasiri.

Gabatarwa da bitar ayyukan magabata

Ranar 15 ga Nuwamba, 2022, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa mutanen duniya sun kai biliyan 8. Duk lokacin da aka yi irin wannan sanarwa, Nijar ce ake fara nunawa da yatsa. Ƙasar tana da mutum miliyan 3 da 'yan kai a 1960, ƙidayar 2012 kuwa ta ba da sama da miliyan 17, kuma binciken lafiya na 2012 ya nuna kowace mace tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici.

Tsoron yawan jama'a ya samo asali daga Thomas Malthus, wanda ya rubuta a 1798 cewa haihuwa takan tsere wa abinci. Paul Ehrlich ya farfaɗo da shi a 1968, har ya yi hasashen cewa ɗaruruwan miliyoyi za su mutu da yunwa a shekarun 1970. Hakan bai faru ba, amma ra'ayin bai mutu ba. Yana nan daram a rahotannin masu ba da agaji, inda ake lissafa manomi a matsayin ciki mai neman tuwo, a manta cewa yana da hannu biyu da basira. Babban raunin wannan mazhaba shi ne ta ɗauka abin da ƙasa za ta iya ɗauka tsayayye ne, ba ya ƙaruwa da aikin da aka zuba mata.

Ester Boserup ta yi musun haka a 1965. Michael Mortimore ya gwada maganarta a karkarar Kano, inda aka daɗe ana noma gona duk shekara ba hutu, ana ciyar da ita da takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni.

Hanyar bincike

An yi nazarin alƙaluman ƙidayar Nijar, da ayyukan Chris Reij, Mahamane Larwanou da Gray Tappan, waɗanda suka kwatanta hotunan sama na shekarun 1970 da na tauraron ɗan'adam na shekarun 2000.

Sakamako

Jihohin Maraɗi da Damagaram kowacce ta haura mutum miliyan 3 a 2012. In da lissafin Malthus ya yi daidai, a nan ne ya kamata a fara ganin fako. Abin da hotunan suka nuna akasin haka ne: kimanin hekta miliyan 5 sun sake rufuwa da itatuwa, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 200. A Magariya, Matamaye da Mirya, gawo ne ya mamaye gonaki.

Ba dashe aka yi ba. Shirye-shiryen dashen da aka kashe wa kuɗi bayan farin 1973 yawancinsu sun watse. Abin da ya yi nasara shi ne sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a Maraɗi a 1983. Kututturen da ake ƙonewa a lokacin sharar gona yana da saiwa mai rai a ƙasa. Manomi yakan zaɓi tofo biyu ko uku mafiya ƙarfi, ya sassabe sauran da gatari ko adda, ya kare su daga awaki har su miƙe. Gawo kuwa yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana. Ganyen ya zama taki, 'ya'yansa su zama abincin dabbobi da rani.

Manoma sun san amfanin gawo tun kaka da kakanni. To me ya hana su barinsa a gona? Doka ce. Tun dokar gandun daji ta Turawan Faransa ta 1935, da ta Nijar ta 1974, manyan itatuwa suna ƙarƙashin ikon hukuma, kuma wanda ya sare reshe a gonarsa yana iya biyan tara. Wa zai raini abin da zai jawo masa ma'aikacin gandun daji? Da ƙarfin hukuma ya ragu a karkara a shekarun 1980 da 1990, manoma suka fara ɗaukar itacen a matsayin nasu. Dokar 2004 ta sassauta, sannan dokar 2020 ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina.

Masu cewa dawowar ruwan sama ce ta kawo wannan ba su yi bayanin abu guda ba: itatuwan sun ƙaru ne a gonaki masu mai su, ba a dajin kowa da kowa ba, alhali damina ɗaya ce ke sauka a kan duka biyun.

Iyakokin bincike

Dole a yarda cewa itace bai hana yunwar 2005 addabar Maraɗi ba. Gonakin gado suna ta tsukewa, kuma Marthe Diarra da Marie Monimart sun nuna a 2006 cewa mata ne ke fara rasa gamanarsu, wato 'yar gonar da suke nomawa don kansu, idan ƙasa ta yi kaɗan. Maƙalar ba ta shafi matsin da yawan haihuwa ke yi wa makarantu, asibitoci da lafiyar iyaye mata ba. Waɗannan matsaloli ne na gaske, sai dai ba su ne da'awar da ake musu a nan ba.

Shawara

Da'awar cewa yawan mutane kaɗai ke mayar da gona hamada ba ta tsaya ba a kudancin Nijar. Jihohin Katsina, Jigawa da Yobe na Najeriya, waɗanda ke iyaka da wannan yanki kuma suke kashe kuɗi a kan dashe duk damina, ya kamata su fara da rubuta a doka cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne.