Tarihin Sarautar Mai Unguwa a Birni

 Da yawa daga cikinmu sun shekara goma ko ashirin a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, amma ba su san ƙofar gidan mai unguwarsu ba sai ranar da rigima ta taso. Don haka muka ga ya kamata mu waiwayi tarihin wannan sarauta.

Mu ɗauki Maraɗi misali. Katsinawan da suka baro Birnin Katsina bayan yaƙin jihadi a 1807 su ne suka kafa sarautarsu a bakin Gulbi, wajen 1819. Sunayen tsofaffin unguwanni, kamar Ƴandaka da Ɗan Gulbi da Limanci, sun nuna yadda gari ya zauna: kowane babba da jama'arsa kewaye da shi. A wancan zamani shugaban unguwa idon sarki ne. Shi ke sanin baƙon da ya sauka, shi ke raba gardama kafin ta kai fada.

Da Faransawa suka zo, sai suka ɗora wa masu sarauta kaya mai nauyi. Su ke ƙidayar mutane, su tara lanho su kai wa kumandan, su fidda samari don aikin dole, wanda ba a soke ba sai a 1946. Tun daga nan talaka ya fara ɗari-ɗari da mai unguwa. A 1945 ruwan Gulbi ya ci tsohon gari, aka koma kan tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu, unguwanni suka hau da sunayensu. Bayan haka cinikin gyaɗa ya jawo baƙi irinmu, sababbin unguwanni suka tsiro, su ma suka bukaci shugabanni.

Bayan samun mulkin kai a 1960, ƴan kwamitin jam'iyyar RDA sun raba iko da masu unguwa. Da Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, ya hana jam'iyyu, ya rayar da Samariya, ya jingina da sarakunan gargajiya. Dokar 1993 kan sarautun gargajiya, wadda aka sabunta a 2015, ta shimfiɗa hanyar zaɓe. Magidantan unguwa ne ke zaɓen mai unguwa, hukuma ta tabbatar da shi. Ba shi da wa'adi irin na magajin gari. Aikinsa tara lanho, isar da saƙon hukuma, da sasanta mutane a kan aure, bashi ko iyakar fili. Sasantawa ce tasa, yanke hukunci na alƙali ne.

A 2004 aka zaɓi majalisun gundumomi a ƙasa duka, an kuma kasa Maraɗi gunduma 3, Damagaram 5, Tawa 2, Yamai 5. A 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun, amma masu unguwa suna nan a ƙofar gidajensu.

To, ga abin da ya shafe mu. Yawancinmu sunanmu yana rubuce a ƙauye, can muke biyan lanho wurin mai gari. Wannan zumunci ne, ba mu ce a bari ba. Amma wanda ba a rubuta shi cikin magidantan unguwa ba, ranar zaɓe ɗan kallo ne, alhali ƴaƴansa a nan aka haife su, filinsa a nan yake. Wanda ya gina gida a birni ya yi shawara da dattawa a kan inda sunansa zai zauna. Wanda ya zo cin rani kuwa, ya je ya gaida mai unguwa tun ranar da ya sauka, kada ya bari sai ranar da yake neman shaida.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.