Dabarar "Kora da Janyowa": Yadda Tsirrai Ke Kare Gonar Masara Daga Ƙwari

"Kora da janyowa" dabara ce ta noma wadda ake shuka wasu tsirrai tare da masara ko dawa domin rage ɓarnar ƙwari ba tare da feshin magani ba. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi a ƙasar Kenya ce ta samar da ita a shekarun 1990, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Zeyaur Khan, tare da haɗin gwiwar cibiyar Rothamsted ta Ingila.

Babban abin da dabarar ke yaƙa shi ne tsutsar da ke huda karan masara. Uwar wannan tsutsa ƙwaro ne mai tashi da dare, wanda ke bin ƙamshi kafin ya zaɓi inda zai zuba ƙwai. Saboda haka manomi kan shuka desmodiyam, wani tsiro dangin wake, a tsakanin kunyoyin masara. Warin da yake fitarwa yana korar ƙwaron. A gefen gona kuma, akan kewaye ta da layuka na ciyawar Napier, wadda ke janyo ƙwaron ya yi ƙwai a kanta. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, ciyawar kan fitar da wani ruwa mai danƙo da ke hallaka mafi yawan tsutsotsin.

Amfani na biyu yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwar desmodiyam tana fitar da sinadaran da ke sa irin wuta-wuta ya tsiro, amma su hana shi maƙalewa a saiwar masara, sai ya mutu. Da haka irin wannan muguwar ciyawa ke raguwa a gona shekara bayan shekara. Tsiron yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi, sannan shi da ciyawar Napier abinci ne mai kyau ga shanu da awaki.

Dabarar na da nata ƙalubalen: irin desmodiyam na da tsada da wuyar samu, kuma shekarar farko na buƙatar aiki mai yawa. Domin yankunan da ruwan sama ke ƙaranci, an fito da wani salo mai amfani da ciyawar Brachiaria mai jure fari.

Ga manoman arewacin Nijeriya, inda wuta-wuta ke cinye dawa da gero da masara, tunanin ba baƙo ba ne. Masana aikin gona kan ba su shawarar karɓa-karɓa da waken suya, wanda shi ma ke yaudarar irin ciyawar ya tsiro ya mutu.