Ƙuri'a Sittin: Dambarwar Majalisar Amurka kan Sojoji Masu Neman Jinsinsu

Duk wanda ya ji labarin jayayyar da aka shafe shekara 17 ana yi a Amurka a kan ko za a bar masu neman jinsinsu, maza da mata, su yi aikin soja ba tare da ɓoye halinsu ba, zai ɗauka saɓanin aƙida ne kaɗai ya ja ta tsawon wannan lokaci, alhali kuwa idan aka bi ƙuri'un da aka kaɗa ɗaya bayan ɗaya, sai a tarar ƙa'idojin majalisa da lissafin jam'iyyu sun fi aƙida tasiri a cikin al'amarin. Hukuncin wannan ɗabi'a a shari'ar Musulunci sananne ne, kuma ba shi ne mahallin bahasinmu ba. Nufinmu shi ne mu duba yadda majalisa take kasa zartar da abin da mafi yawan 'ya'yanta suka riga suka yarda da shi.

Kafin shekarar 1993 haramcin yana cikin umarnin da Ma'aikatar Tsaro ta fitar tun 1982, wanda shugaban ƙasa yake da ikon shafe shi da alƙalaminsa, kamar yadda Shugaba Truman ya yi a 1948 lokacin da ya ba da umarnin kawar da wariyar launin fata a rundunar soja. Da Bill Clinton ya hau mulki da alkawarin ɗage haramcin, sai ya ci karo da Janar Colin Powell da sauran manyan hafsoshi, da kuma Sanata Sam Nunn, shugaban kwamitin harkokin soja na majalisar dattawa, wanda ɗan jam'iyyarsa ne ta Dimokurat. Aka yi sulhu a kan tsarin da aka yi wa laƙabi da "kada ka tambaya, kada ka faɗa", wato hukuma ba za ta binciki soja ba, shi kuma muddin ya bayyana kansa to ya rasa kakinsa. Amma abin da ya fi sulhun kansa muhimmanci shi ne majalisa ta ɗauke shi ta rubuta cikin dokar ƙasa a watan Nuwamba na shekarar, kuma kamar yadda malaman usulu suka ce nassi ba ya shafuwa sai da nassi irinsa ko wanda ya fi shi ƙarfi, haka nan mabuɗin ya fita daga hannun fadar shugaban ƙasa ya koma hannun majalisa.

An sallami sojoji fiye da 13,000 a ƙarƙashin dokar, cikinsu har da masu jin Larabci, a daidai lokacin da rundunar take neman tafintoci ruwa a jallo a Iraƙi.

A ranar 2 ga Fabrairu 2010 shugaban hafsoshin tsaro, Admiral Mike Mullen, ya zauna gaban kwamitin dattawa ya ce a ra'ayinsa soke dokar shi ne daidai, domin tana tilasta wa matasa yin ƙarya kafin a bar su su kare ƙasarsu. Sanata John McCain, wanda a 2006 ya ce zai sake nazari idan shugabannin soja suka zo masa da buƙatar canji, shi ne ya ja ragamar masu adawa. Ba za mu yi musu zalunci mu ce ba su da hujja ba, domin ƙasar tana cikin yaƙi biyu, kuma binciken da Ma'aikatar Tsaro ta fitar a ƙarshen Nuwamba, ko da yake ya nuna kimanin kashi 70 cikin ɗari na waɗanda suka amsa ba su ga wata illa babba ba, ya nuna fargaba mai yawa a tsakanin mayaƙan rundunar Marin, wadda kwamandanta Janar James Amos ya fito fili ya ƙi amincewa. Sai dai ba a kan wannan hujja aka kayar da ƙudurin soke dokar ba.

Majalisar wakilai ta amince da saka sokewar cikin ƙudurin kasafin tsaro tun ranar 27 ga Mayu da ƙuri'a 234 da 194. A majalisar dattawa kuwa, inda ƙa'ida tun 1975 ta sharɗanta ƙuri'a 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara, 'yan tsiraru suna iya riƙe ƙuduri har ya mutu ba tare da an taɓa kaɗa ƙuri'a a kan ainihin abin da ya ƙunsa ba, kuma wannan hila ita ake kira filibasta. Ranar 21 ga Satumba aka samu 56 da 43, ƙudurin ya faɗi. Abin lura a nan shi ne Sanata Susan Collins ta jam'iyyar Rifablikan, wadda ita kaɗai ce daga ɓangarenta ta goyi bayan sokewar a kwamiti, ta tashi a zauren ta sake jaddada goyon bayanta, sa'an nan ta kaɗa ƙuri'ar ƙi, bisa dalilin cewa jagoran masu rinjaye, Harry Reid, ya ƙuntata wa jam'iyyarta damar kawo gyare-gyare. Shi ma Reid ba zai kuɓuta daga zargi ba, tun da ya ƙuduri aniyar liƙa wa kasafin tsaron ƙudurin DREAM na 'ya'yan baƙin haure, saura mako shida a yi zaɓe, kowane ɓangare yana neman abin da zai nuna wa magoya bayansa.

Bayan zaɓen ne al'amarin ya ƙara fitowa sarari, lokacin da sanatocin Rifablikan su 42 suka sa hannu a wasiƙa cewa ba za su bari wani ƙuduri ya wuce ba sai an warware batun rangwamen haraji na zamanin Shugaba Bush da kuɗin gudanar da gwamnati. Ranar 9 ga Disamba aka sake faɗuwa da 57 da 40. Shugaba Obama ya sa hannu a dokar haraji ranar 17 ga wata, kuma kashegari ƙudurin sokewar da Sanata Joe Lieberman da Collins suka ware shi kaɗai ya wuce da 65 da 31, 'yan Rifablikan takwas suna cikin masu amincewa. Babu mai hankalin da zai ce aƙidar waɗannan dattawa ta sauya cikin kwana tara. Abin da ya sauya shi ne an biya fansar da aka nema. Da kuwa an ƙara jinkiri kaɗan, da sabuwar majalisar wakilai, wadda Rifablikan suka karɓe a Janairu, ta binne maganar, a bar ta a hannun kotu, inda mai shari'a Virginia Phillips ta riga ta yanke tun Satumba cewa dokar ta saɓa wa tsarin mulki, a ƙarar da wata ƙungiyar 'yan Rifablikan ce ta shigar.

Obama ya sa hannu a dokar sokewar ranar 22 ga Disamba, sokewar ta fara aiki ranar 20 ga Satumba 2011. Ƙudurin DREAM kuwa, wanda aka kawo zauren a wannan rana ta 18 ga Disamba, ya samu ƙuri'a 55 da 41, ya kuma faɗi saboda rashin ƙuri'a biyar.