Takardar Ɗan Aike: Auna Ingancin Bayanin Kayan Aikin Ƙirƙirarriyar Basira

Tun watan Yunin 2023, da kamfanin OpenAI ya ba manhajarsa damar kiran wasu manhajoji, ƙirƙirarriyar basira ta tashi daga abokiyar hira ta koma 'yar aike: ta nemo farashi, ta duba rumbun bayanai, ta tura saƙo. Duk abin aikin da aka miƙa wa irin wannan ɗan aike yana zuwa da ɗan gajeren rubutu mai ɗauke da sunansa, da amfaninsa, da guraben da za a cike kafin ya yi aiki. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin MCP don daidaita yadda ake miƙa waɗannan kaya. Gajeren rubutun nan, wato takardar ɗan aike, shi ne iyakar sanin ɗan aiken, domin ba ya ganin cikin abin aikin, kuma ba shi da wanda zai leƙa ofishinsa ya tambaya.

A ƙaddara wata ɗaliba a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, wadda aka kafa a 2021, ko a Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure, ta gina abin duba farashin hatsi. A takardar ta rubuta cewa yana dawo da farashi, guraben kuma uku ne: wuri, hatsi, ma'auni. Malaminta zai karanta ya gamsu, don ɗan ƙasa ne, kansa ya riga ya cike abin da ba a faɗa ba. Ɗan aiken kuwa baƙo ne. Idan manomi ya ce “a Kazaure”, garin yake nufi, ko ƙaramar hukumar, ko masarautar da ta haɗa da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi? Baƙon yana iya cusa Babura ciki saboda maƙwabtaka, alhali tana ƙarƙashin masarautar Ringim.

Gurbin ma'auni ya fi haka rami. Tiya, mudu da buhu ba su da nauyi guda a kowace kasuwa, kuma kwanon gero ba ya nauyin kwanon riɗi. Kuɗin ma haka. Dattijo a Roni in ya ce jaka, naira 200 yake nufi. A bakin ɗan Nijar kuwa jika sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5. Takardar da ba ta fayyace wannan ba ba za ta sa manhajar ta tsaya ba. Amsa za ta fito tsaf, da lambobi, amma ba daidai ba, kuma wannan ya fi tsayawar haɗari, don babu wanda zai lura sai an kai kaya kasuwa.

Saboda haka nake ganin karatu kaɗai ba ya auna takarda. Ma'aunin da masana Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka fitar a 2024 yana riƙe bayanin kayan aiki yadda yake, ya riƙa sauya manhajoji don a ga wadda ta fi iya kira. Mai son auna takarda sai ya juya gwajin: ya riƙe manhaja guda da tambayoyi guda, ya riƙa sauya rubutun. Daga nan ya ƙirga sau nawa aka ɗauki abin aikin da ya dace, sau nawa aka cike gurbi daidai, da kira nawa aka ɓata kafin a dace. Akwai kuma gwajin da aka fi mantawa: a tambayi abin da kayan ba sa yi, kamar farashin rago, a ga ko ɗan aiken zai ce ba hurumina ba ne. Takarda mai kyau tana faɗin iyakarta.

Lambobin ba su isa ba sai an zauna an karanta sawun kiran ɗaya bayan ɗaya. Injiniyoyin Anthropic sun bayyana a Disamban 2024 cewa a wani gwajin rubuta manhaja sun fi ɓata lokaci wajen gyara kayan aiki fiye da gyara babban umarnin da ake ba ɗan aiken. Sun lura ɗan aiken yana kuskuren adireshin fayil in ya sauya wuri, sai suka wajabta cikakken adireshi, matsalar ta kau. Wato wani lokacin ƙarin kalmomi ba shi ne magani ba, toshe ƙofar kuskuren ne. A misalinmu, gurbin wuri ya zama zaɓi daga jerin kasuwanni, saƙon kuskure kuma ya ce ba a gane ma'aunin ba, a zaɓi tiya ko buhu, maimakon ya jefo lamba kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne tushen tambayoyin gwajin. Galibin ma'aunan da ake da su da Turanci aka rubuta su, wanda ya rubuta takarda kuma in shi ya ƙago tambayoyi, da kalmominsa zai yi su, gwajin ya ci ba tare da ya gwada komai ba. Tambayoyin su fito daga bakin masu awo da dillalai a ranar kasuwa, a rubuta su yadda aka furta su, har da wanda zai ce “nawa ake sakin gero yau” ba tare da ya ambaci gari ko ma'auni ba.